Ranar da Waya Ta Yi Sallama, Kwamfuta Ba Ta Amsa Ba

A zangon karatun da ya wuce, ni da wani abokina ɗan sashen kimiyyar kwamfuta mun haɗa ƙaramin ƙamus na Hausa a wayar Android. Kalmomin suna cikin kwamfutata, wato ita ce sabar. Waya ta aika kalma, sabar ta mayar da ma'anarta. Mahaɗar da suke magana ta cikinta ita ake kira soket, kuma abu biyu take bukata: adireshin na'ura da lambar ƙofa. Saura kwana uku mu nuna wa malaminmu aikin, sai waya ta kasa samun sabar.

Kuskuren farko nawa ne. Na rubuta 127.0.0.1 a matsayin adireshin sabar, domin da shi muka yi gwaji a kwamfuta. Ashe wannan adireshi kamar wakilin suna "ni" yake: duk wanda ya furta shi, kansa yake nufi. Wayar tana ta ƙwanƙwasa ƙofar kanta! Maganin shi ne a sa ainihin adireshin kwamfutar, wanda sau da yawa yake farawa da 192.168, kuma na'urorin biyu su hau Wi-Fi ɗaya. Ita ma sabar sai an umarce ta ta saurara a 0.0.0.0 don ta karɓi baƙi daga waje.

Abokina ya koya mini lura da yadda haɗin ya gaza. In an ƙi ka nan take, ka isa gidan, amma babu mai saurare a wannan ƙofar. In kuwa shiru ka ji har lokaci ya ƙare, to ko dai adireshin ba daidai ba ne, ko katangar tsaro ta kwamfuta ta tare ka. Mu katanga ce ta tare mu.

Matsalar da ta fi ba mu wahala kuwa ta Hausa ce. Haɗi ya samu, "gida" da "ruwa" suna dawo da ma'ana, amma "ƙasa" da "ɗaki" babu komai. Dalili shi ne soket bai san harafi ba, bayit kawai yake ƙirgawa, kuma mun tsara waya ta fara faɗin tsawon saƙo kafin ta aika shi. A tsarin UTF-8, harafin k bayit ɗaya ne, amma ƙ, ɗ da ɓ kowannensu bayit biyu ne. Waya ta ce huɗu, alhali "ƙasa" bayit biyar ce, sai sabar ta karanta "ƙas" ta rasa ta a ƙamus.

Abokina ya ce mu cire lanƙwasa mu huta. Na ƙi, domin ni da Hausa ba harshen uwata ba ce, na sha wuya kafin na bambance "kafa" da "ƙafa". Layi ɗaya muka gyara, waya ta koma ƙirga bayit maimakon haruffa, "ƙasa" ta dawo da ma'anarta ana gobe za mu je wurin malam.