Shin VLC Ce Ke Fasa Sifikar Laftof?

Ana tsakiyar kallon fim ko sauraron karatu, sai muryar da ke fitowa daga laftof ta fara tsattsagewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Kafin mai ita ya gama mamaki, na kusa da shi sun riga sun yanke hukunci. Wani ya ce bairos ne, a yi mata fomat. Wani ya ce sifika ta mutu. Na uku kuwa tambaya ɗaya zai yi: "Da VLC kake kallo? To ita ce ta fasa maka."

Zargin da ake yi wa VLC ya daɗe, kuma yana da tushe. A farkon 2014 wani mai laftof ƙirar Dell ya kai ƙara ga jama'a a intanet cewa an ƙi gyara masa sifika a ƙarƙashin garanti saboda an tarar da VLC a kwamfutarsa. Jean-Baptiste Kempf, shugaban ƙungiyar VideoLAN ta Faransa da ke kula da manhajar, ya musanta laifin. Hujjarsa ita ce VLC tana bin hanyar da kowace manhaja ke bi wajen miƙa sauti ga Windows, don haka idan sifika ta ƙone, a tuhumi wanda ya haɗa ƙaramar sifika da na'urar da ke ba ta wutar da ta fi ƙarfinta.

Yana da gaskiya, amma masu zargin ma ba su tashi a banza ba. VLC tana barin mutum ya ƙara sauti ya wuce 100, ya kai 125, har 200. Sauti yana tafiya ne kamar tudu da kwari, kuma akwai iyakar tsawon da tudun zai iya kaiwa. Idan aka matsa masa fiye da haka, sai a sare kan tudun, kuma wannan sarewar ce kunne ke ji a matsayin tsattsagewa. Sifikar laftof ƙarama ce ƙwarai, galibi wat 2 ko makamancin haka, kuma a cikinta akwai siririyar wayar tagulla a naɗe kusa da maganaɗisu. Idan ta yi awoyi tana karɓar sarerren sauti a ƙarshen ƙara, wayar tana yin zafi, takardar sifikar kuma tana gajiya. Saboda haka sanya VLC a kwamfuta ba ya fasa komai. Ƙure sifika kullum, da VLC ko da wata manhaja mai ƙara sauti, shi ne ke iya yin ɓarna. Wanda ya tsaya a 100 ya huta.

Akwai ma lokacin da manhaja ta kashe sifika da gaske. A ƙarshen 2016, wasu da suka sayi sabuwar MacBook Pro suka ɗora mata Windows ta hanyar Boot Camp sun riƙa jin fashewar sauti mai ƙarfi, har sifikokin wasunsu suka lalace. Tsohon direban sauti ne ya jawo, kuma Apple ta fitar da sabo don gyarawa. Direba a nan shi ne ƙaramar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da kayan cikin kwamfuta.

Maganar bairos kuwa ta fi kowacce rauni, kuma ita ce ta fi jawo asara, domin a kanta ake goge hotuna da takardun makaranta ba gaira ba dalili. Windows tana tura sauti ne gutsure-gutsure, kowane gutsure kusan kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan wani direba, na Wi-Fi ko na hoto misali, ya riƙe ƙwaƙwalwar kwamfutar fiye da kima, gutsure na gaba ba zai iso a kan lokaci ba, sai a ji ƙas. Akwai manhajar kyauta mai suna LatencyMon da ke nuna sunan direban da ke jawo wannan jinkiri. Muguwar manhaja da ta cinye ƙarfin kwamfuta tana iya haddasa irin haka, amma a lokacin komai ne zai yi nauyi, fanka na ihu, ba sauti kaɗai ba. Fomat yakan gyara matsalar wani lokaci, don ya sauya direbobi, abin da za a iya yi cikin minti goma ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba.

Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya cin ko kwabo: a saka iyafis mai waya. Idan sauti ya fito tas a kunne amma yana tsattsagewa a sifika, matsalar tana jikin sifikar. Idan ya tsattsage a duka biyun, a duba ɓangaren manhaja. A shiga saitin sauti a kashe abin da Windows ke kira Audio enhancements, a gwada sauya ma'aunin sauti tsakanin 44,100 da 48,000, sannan a ɗauko direban sauti daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin. A kuma gwada wani fayil daban, domin waƙar da ta sha yawo daga waya zuwa waya tana iya zuwa da tsagewarta tun asali.

Masu cewa caja ce ke kawo ƙugi, su kam sun faɗi daidai. Wutar Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan laftof tana kan caji an jona ta da amfilifaya ko babbar sifika mai nata filogin, ana iya jin wannan juyin a matsayin ƙugi mara yankewa. Caja mai arha da wutar ƙaramin janareta suna ƙara masa tsiwa. Duk wanda ya taɓa haɗa sauti a wurin biki ko taro ya san wannan. A zare caja. Idan ƙugin ya ɗauke, an kama mai laifi.

Ƙura ma gaskiya ce, musamman da hunturu. Tana toshe ramukan sifika, tana shiga ramin iyafis, maganaɗisun kuma yana janyo ɓurɓushin ƙarfe ya manne a takardar, sai ta riƙa karkarwa. Buroshi mai laushi ya isa. Allura da tsinke huda takardar suke yi. Shi kuwa Bluetooth, idan murya ta koma kamar ta cikin rijiya da zarar an shiga kira, ba lalacewa ba ce: buɗe makirufo ne ke sa shi komawa sauti mai ƙarancin inganci.

Saura abu ɗaya da jita-jita ba ta cika ambata ba, alhali ya fi duka hatsari. A laftof da yawa sifikokin suna gefen batir ne, ƙarƙashin inda ake ɗora hannu. Batirin da ya tsufa yakan kumbura, ya danne abin da ke kusa da shi, kuma wannan ya zama ruwan dare a laftof na hannu da suka yi shekaru kafin su iso kasuwa. Idan karkarwar sauti ta zo tare da tasowar wurin taɓawa ko buɗewar murfin ƙasa, kada a tsaya neman direba. A kashe ta, a zare caja, a kai wa mai gyara ya cire batirin a ranar.