Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Gane Alamomin Naƙuda

Ma'aikatan lafiya kan ƙidaya ciki da makonni, daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Yawanci ciki kan kai makonni 40, amma haihuwa tsakanin mako na 37 da na 42 tana cikin lokacinta. Don haka ranar da aka rubuta a katin awo ƙiyasi ce kawai, kuma alamomin jiki ne za su nuna lokacin tafiya asibiti.

A makonnin ƙarshe ciki kan sauko ƙasa yayin da kan jariri ke shiga ƙugu. Numfashi zai yi wa mace sauƙi, amma fitsari ya yawaita. Ga mai haihuwar fari, hakan na iya faruwa makonni kafin naƙuda.

Abin da ya fi rikita mata shi ne naƙudar ƙarya. Ciki kan ɗaure ya yi tauri, sannan ya sake, ba tare da wani tsari ba, kuma yakan lafa idan mace ta huta, ta sha ruwa ko ta sauya kwanciya. Naƙudar gaskiya kuwa takan taso daga baya ta zagayo mara, tana zuwa a kai a kai, tazarar tana raguwa, ciwon yana ƙaruwa, kuma hutu ba ya kwantar da ita. Idan ciwon ya koma zuwa kowane minti 5, yana ɗaukar kusan minti guda, sai a nufi asibiti. Wadda ke nesa da asibiti ya kamata ta tashi tun kafin haka.

Wata alamar ita ce fitar majina mai yauƙi, wani lokaci da ɗan jini, wadda ke nuna bakin mahaifa ya fara buɗewa. Sai kuma fashewar faya, ko da ba a fara jin ciwo ba. Ruwan faya kan zo garai-garai. Idan ya fito kore ko ruwan ƙasa, yana iya nuna jariri ya yi kashi a ciki, kuma ana buƙatar a duba shi cikin gaggawa.

Akwai alamomin da ba a jiran komai a kansu: zubar jini sosai, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zazzaɓi, raguwar motsin jariri, ko naƙuda kafin mako na 37. Ciwon kai da kumburi na iya zama alamar hawan jini da ke kai wa ga jijjiga.

A wurare da dama, kunya kan sa mai haihuwar fari ta ɓoye naƙuda har ta daɗe. Doguwar naƙuda ba tare da taimakon ƙwararru ba na daga cikin manyan dalilan yoyon fitsari da rasa jarirai. Saboda haka ya dace maigida da iyaye su tanadi abin hawa, kuɗi da kayan haihuwa tun ciki na wata takwas.

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8, kuma a nan ne mace za ta tattauna da ungozoma kan asibitin da za ta haihu.