Yadda wayar hannu ta cika hanyoyin Amurka da masu farautar guguwa, har masana kimiyya suka rasa wurin tsayawa

A ranar 19 ga Mayun 2010, wani babban ayarin masana kimiyya da ya fita nazarin mahaukaciyar guguwa ya maƙale a cunkoson motoci a hanyoyin karkara na jihar Oklahoma a Amurka. Ayarin na shirin bincike ne mai suna VORTEX2, wanda ya haɗa masana da ɗalibai kusan 100 da motoci kimanin 40 ɗauke da na'urori. Abin da ya tare musu hanya shi ne dogon jerin motocin mutanen da su ma guguwar suka fito nema, wasu don ɗaukar hoto, wasu don kallo kawai. Motocin rada da ya kamata su riga hadarin isa wuraren da aka tsara sun yi ta tafiyar hawainiya, hadarin kuma bai jira kowa ba.

Tun daga lokacin ake muhawara a kan yadda masu farautar guguwa don sha'awa da masu bincike za su raba hanya ɗaya. Kuma a tsakiyar wannan muhawara akwai na'urar da ke aljihun kowa: wayar hannu.

Wace irin guguwa ake farauta?

Guguwar da ake magana a kanta ta sha bamban da ƙaramar guguwar rani da ke kwashe ƙura da leda a fili ta watse cikin daƙiƙoƙi. Wannan tana saukowa ne daga gindin wani irin babban hadari da ke juyawa, tana iya rushe gida har tushe, ta ɗaga mota ta jefar. Amurka na samun irin ta kimanin 1,200 a shekara, kuma an fi farautarta a filayen tsakiyar ƙasar, a jihohi irin su Texas da Oklahoma da Kansas da Nebraska, musamman daga Afrilu zuwa Yuni. Yankin shimfiɗaɗɗe ne, ba duwatsu ko dazuzzukan da za su tare gani, don haka ana iya hango hadari daga nesa.

A da, farautar guguwa aikin mutane ƙalilan ne. David Hoadley, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka fara wannan harka, ya soma ne a 1956 a North Dakota, da taswirar takarda da rahoton yanayi da idonsa. A wancan zamani sai wanda ya iya karanta gajimare yake samun guguwa, kuma akan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a dawo hannu rabbana. Fim ɗin Twister na 1996 ya sa jama'a da yawa sha'awar abin, sannan shirin talabijin na Storm Chasers da tashar Discovery ta nuna daga 2007 zuwa 2011 ya ƙara zuga su.

Abin da waya ta sauya

Sha'awa kaɗai ba ta kai mutum gindin guguwa, sai ya san inda take. Wannan ilimin ne waya ta sauƙaƙa. Gwamnatin Amurka tana da tashoshin rada kusan 160 da ake kira NEXRAD, kuma bayanansu a buɗe suke ga kowa. Manhaja irin su RadarScope tana kawo hoton radar kai tsaye a fuskar waya, har da alamar inda iska ke juyawa. Cibiyar hasashen hadari da ke garin Norman a Oklahoma tana wallafa taswirar wuraren da ake sa ran mummunan yanayi kwanaki kafin ya zo.

Akwai kuma Spotter Network, wani dandali da ke amfani da GPS yana nuna inda masu sa ido kan hadari suke, kowane mutum ɗigo ɗaya a taswira. An ƙirƙiro shi ne domin hukumomi su san daga inda rahoto ya fito. Amma wanda bai san komai game da yanayi ba yana iya buɗe taswira, ya ga inda ɗigogin ƙwararru suka taru, ya tuƙa motarsa zuwa can. Yawan ɗigogin ya fito fili a Fabrairun 2017, lokacin da jarumin Twister, Bill Paxton, ya rasu: masu farautar guguwa sun jera ɗigoginsu a taswira suka rubuta haruffan farko na sunansa a faɗin jihohi uku.

Sai kuma kuɗi. Watsa bidiyo kai tsaye a YouTube da Facebook da sayar wa gidajen talabijin hotuna sun mayar da farautar sana'a ga wasu, kuma hoton da ya fi kusa da guguwa ya fi jan masu kallo. Akwai ma kamfanonin da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a motocin bas suna kai su kallon hadari. Duk waɗannan mutane, a ranar da hasashe ya nuna wuri ɗaya, hanya ɗaya suke bi.

Me ya sa masu bincike ke buƙatar hanyar?

Mai karatu zai iya tambaya: tunda akwai tashoshin rada ko'ina, me ya kai masana kan titi? Amsar tana cikin yadda rada ke aiki. Hasken rada yana tafiya ne kusan a miƙe, ita kuwa duniya a lanƙwashe take, don haka duk yadda hadari ya yi nisa da tasha, hasken na ƙara wucewa ta samansa. A nisan kilomita 100, hasken da ya fi kowane kusa da ƙasa ya riga ya haura sama da kilomita ɗaya. Guguwa kuwa a wannan kilomita na ƙasa-ƙasa take haɗuwa, inda tashar ba ta gani.

Shi ya sa aka ɗora rada a bayan manyan motoci. Fitacciya a cikinsu ita ce Doppler on Wheels, wadda masani Joshua Wurman ya jagoranci ƙerawa a tsakiyar shekarun 1990. Ita ce ta auna iska mai gudun kusan kilomita 480 a sa'a a guguwar da ta afka wa yankin Moore a ranar 3 ga Mayun 1999.

Sai dai rada ɗaya tana auna iskar da ke nufo ta ko ke nisantar ta ne kawai. Domin a samu cikakken hoton yadda iska ke juyawa, dole a sami rada biyu ko fiye suna kallon hadari ɗaya daga kusurwa daban-daban a lokaci guda. Kowace mota na buƙatar wuri mai faɗi, marar gangara, da babu bishiyoyi ko gine-ginen da za su tare hasken. A lokacin kuma wasu ƙananan motoci masu na'urorin auna zafi da danshi da iska a rufinsu suna kai-komo a ƙarƙashin hadarin, wasu tawagogin kuma suna sauke na'urori masu ƙafa uku a gefen titi, su jera su a gaban hadarin, su dawo su kwashe bayan ya wuce. Aikin kamar na ƙungiyar ƙwallo ne: idan mota ɗaya ta makara da minti goma, bayanan sauran na iya rasa rabin amfaninsu.

Hanyoyin yankin ma ba su taimaka ba. An shata su ne kamar gidan dara, galibi tazarar mil ɗaya tsakaninsu, amma da yawa na ƙasa ne, ruwa na sauka su zama taɓo. Masu kwalta kaɗan ne, kuma a kansu kowa ke taruwa. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin da ake nema a binciken ya shafi rayukan jama'a. Mafi yawan hadarin da ke juyawa ba ya haifar da guguwa, kuma har yanzu masana na ƙoƙarin gano abin da ke bambanta wanda zai haifar da wanda ba zai haifar ba. Saboda haka gargaɗi da yawa da ake aikawa wayoyin mutane kan ƙare babu guguwa, kuma idan ta zo, mutane kan sami 'yan mintoci ne kawai su ɓuya. Ana kashe miliyoyin daloli a shirin bincike, amma ranakun da komai ke daidaita ba su da yawa. A 2009, shekarar farko ta VORTEX2, guguwa ɗaya tak suka samu suka yi wa cikakken nazari, a gundumar Goshen ta jihar Wyoming ranar 5 ga Yuni.

Darasin El Reno

Cunkoson ya wuce batun asarar bayanai. A ranar 31 ga Mayun 2013, guguwa ta sauka kusa da garin El Reno a Oklahoma, ta kumbura cikin ƙanƙanin lokaci har faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa. Ruwan sama ya lulluɓe ta, ta ƙara gudu, ta kuma sauya alkibla. Mutum takwas ta kashe, dukansu a cikin motoci. Daga cikinsu akwai injiniya Tim Samaras da ɗansa Paul da abokin aikinsu Carl Young, masu bincike da suka shafe shekaru a wannan aiki, kuma an san Samaras da taka-tsantsan. Motar wata tawagar tashar Weather Channel ma guguwar ta yi jifa da ita, amma waɗanda ke ciki sun tsira. A yammacin ranar, manyan hanyoyin birnin Oklahoma sun toshe da mazauna da ke gudu a mota, kwana 11 kacal bayan wata guguwar ta ragargaza Moore.

El Reno ta nuna abu biyu. Na farko, hanyar tsira ba ta da amfani idan a toshe take. Na biyu, hoton rada a waya tarihi ne. Tashar NEXRAD kan ɗauki mintoci kafin ta kammala zagaye, sannan bayanan su bi intanet su iso waya, idan ma akwai sabis, domin a karkara layin kan yi nauyi idan ɗaruruwan mutane suka taru a kan turken sadarwa ɗaya. Hadarin da ke gudun kilomita 50 a sa'a ya yi tafiyar sama da kilomita huɗu cikin minti biyar. Direban da ya dogara da fuskar waya kaɗai yana kallon inda guguwar take ne ɗazu.

Tuƙin kansa ma na kisa. A ranar 28 ga Maris 2017, masu farautar guguwa uku sun mutu kusa da garin Spur a Texas, lokacin da mota ɗaya ta wuce alamar tsayawa ta daki ɗayar. A Afrilun 2022 kuma ɗaliban nazarin yanayi uku na Jami'ar Oklahoma sun rasu a hatsarin mota a kan jiƙaƙƙen titi, suna dawowa daga farauta a Kansas.

Masu sha'awar ma suna da ranarsu

Duk da haka, masana ba sa fatan a kori masu sha'awa daga hanya baki ɗaya. Rada na nuna cewa iska na juyawa a sama, amma sau da yawa idon mutum ne ke tabbatar da cewa guguwa ta taɓa ƙasa. Hukumar yanayi ta Amurka ta daɗe tana horar da 'yan sa-kai a shirinta na SKYWARN, kuma rahoton da suke aikawa na taimaka wa masu fitar da gargaɗi. Manhajar mPING, wadda cibiyar binciken hadari ta ƙasa ta taimaka wajen ƙirƙirowa, tana ba kowane mai waya damar faɗin abin da ke sauka a inda yake, ruwa ne ko ƙanƙara, domin a gwada da abin da rada ta gani.

Bayan El Reno, wata tawaga ƙarƙashin masani Anton Seimon ta tattara bidiyoyin da masu farauta suka ɗauka a ranar. Tunda agogon kyamarori ba su dace da juna ba, sai suka yi amfani da walƙiya: duk walƙiyar da ta bayyana a bidiyo biyu ta zama ma'aunin daidaita lokacinsu. Da haka aka iya kallon guguwar daga kusurwoyi da dama a daƙiƙa ɗaya. Taron da ya cushe hanya shi ne kuma ya samar da wannan taskar bayanai.

Doka ko tarbiyya?

Titi na gwamnati ne, kuma motar bincike ba ta da wani fifiko a doka kamar motar asibiti ko ta kashe gobara. A 2025 'yan majalisar jihar Oklahoma sun gabatar da ƙudirin da zai ba masu bin guguwa na gidajen talabijin da jami'o'i lasisi na musamman da wasu sassauci a kan hanya. Ya jawo suka sosai daga masu farauta masu zaman kansu, waɗanda suka ce za a raba mutane gida biyu, kuma suka tambayi wanda zai tsaya duba lasisi a gaban guguwa.

Abin da ya rage shi ne ƙa'idojin da gogaggu ke koya wa sababbi. A sauka daga kwalta gaba ɗaya idan za a tsaya, kada a bar ƙofar mota a buɗe ko a kafa kyamara a kan titi. Kada a tsaya a kan tudu ko kwana inda na baya ba zai hango ba. A ba motocin agaji da na bincike hanya, kada a faka a gaban motar rada da ke aiki ko a taɓa na'urar da aka ajiye a gefen hanya. Mai tuƙi ya yi tuƙi, wani daban ya riƙe waya. A riƙa tanadin hanyar tsira fiye da ɗaya, kuma idan an tarar da waɗanda guguwa ta rutsa da su, a ajiye kyamara a kira agaji.

Su ma masu bincike suna neman hanyoyin rage dogaro da titi. Shirin TORUS da Jami'ar Nebraska ta jagoranta daga 2019 ya yi amfani da jirage marasa matuƙi da jirgin binciken yanayi na gwamnati wajen auna sassan hadari daga sama. Amma jirgi marar matuƙi ma yana da tawaga a ƙasa da ke bin sa a mota, motocin rada kuma har yanzu sai sun sami gefen titin da za su tsaya kafin hadarin ya iso.