Wa Zai Adana Faya-fayan Ɗan Maraya Jos?

A shekarar 2023 wasu mawaƙa huɗu na birnin Dablin, a ƙasar Ailan, masu suna Lankum, suka fitar da faifai mai suna False Lankum. Yawancin waƙoƙin da ke ciki tsofaffi ne, na kaka da kakanni, amma suka shiga ɗakin ɗaukar murya suka yi musu sabon kiɗa. Faifan ya karɓu ƙwarai, har ya shiga sahun waɗanda aka zaɓa don takarar lambar Mercury a Ingila.

Abin da ya sauƙaƙa musu wannan aiki shi ne, mutanen Ailan sun daɗe suna ajiye muryoyin magabatansu. Tun a farkon shekarun 1960 ƙungiyar Chieftains, wadda Paddy Moloney ya kafa, ta fitar da faifanta na farko. A 1987 kuma aka buɗe ma'adanar kiɗan gargajiya a Dablin, inda ake tattara faya-fayai da sunan mawaƙi da shekarar ɗauka. Saboda haka yaron da yake son koyo yana da inda zai je ya saurara.

To, wannan shi ya kawo mu Jos, garin marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Bukuru a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Bukuru ya riƙe shi. Kayan kiɗansa kuntigi ne kaɗai: gwangwanin kifi da aka rufe da fata, da ɗan itace, da tsirkiya ɗaya. Ba ƴan amshi, ba taron makaɗa.

Wannan ƙarancin kaya shi ya sa ɗakin ɗaukar murya ya dace da shi. Makaɗin fada ko na biki yakan dogara da taro, da kari, da kirarin wanda yake zaune a gabansa. Idan aka kulle shi a ɗaki shi kaɗai da na'ura, rabin armashin ya tafi. Ɗan Maraya kuwa maganarsa ce jarinsa. Waƙar Karen Mota, da Jawabin Aure, da Mai Akwai Da Babu, duk zance ne a kan talaka da zaman duniya, wanda direba a tasha da matar aure a tsakar gida za su ji daidai da wanda ya gan shi ido da ido. Ta hanyar faifan garmaho, da rediyo, da kaset, muryarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta taka ba.

Ɗan Maraya ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. Yau waƙoƙinsa suna yawo a wayoyin hannu, amma da yawa kwafi ne na kwafi, sautin ya dushe, ba shekara, ba sunan wurin da aka ɗauka. Kaset kuwa ba ya jure zafi da laima, faifai yana karcewa, tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka san tarihin kowace waƙa suna ta ƙarewa.

Jos ba ta rasa inda za a yi wannan aiki ba. Akwai gidan tarihi da aka buɗe tun 1952, akwai Jami'ar Jos, ga kuma hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Abin da ake bukata shi ne a bi gidajen rediyo da masu tsofaffin faya-fayai, a juye kowace waƙa daga asalinta, a rubuta kalmominta da shekararta, a kuma tabbatar iyalinsa sun sami haƙƙinsu. In an yi haka, wata rana yaran Jos za su sami abin da za su ɗauka su sabunta, kamar yadda na Dablin suka samu. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an ajiye ta.