Ma'aunan Zaɓen Manhajar Kula da Abokan Ciniki a Manyan Kamfanoni

Gabatarwa

Tun fil azal ɗan kasuwa yakan ajiye littafin da yake rubuta sunayen abokan cinikinsa da bashin da yake bin su. Manhajar da ake kira CRM ita ce ta gaji wannan littafi, domin tana tattara sunan mai saye da abin da ya saya da koke-kokensa a wuri guda. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace ma'aunan da ya kyautu kamfani ya duba kafin ya zaɓi ɗaya.

Taƙaitaccen Tarihi

Kamfanin Siebel, wanda aka kafa a Amurka a 1993, shi ya fara mamaye kasuwar da manhajar da ake girkawa a kwamfutocin mai saye. A 1999 Salesforce ya ɓullo da tsarin haya ta intanet, inda ake biya gwargwadon yawan ma'aikatan da ke amfani da ita. Oracle ya saye Siebel a 2006, Microsoft kuwa ya fito da Dynamics 365 a 2016.

Ma'aunan Zaɓe

Na farko shi ne jituwa. Kamfanin da ke lissafinsa da manhajar SAP, ko wanda ma'aikatansa suka saba da Outlook da Excel, zai sami sauƙi idan ya ɗauki wadda ke musayar bayanai da su kai tsaye.

Na biyu shi ne kuɗi. Baya ga kuɗin haya, akwai na horar da ma'aikata da na kwashe tsofaffin bayanai. Galibi da dala ake yanke farashi, saboda haka faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara wa kamfanonin Nijeriya nauyi.

Na uku shi ne doka. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, da takwararta ta Nijeriya ta 2023, duk sun gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan jama'a zuwa ƙetare. Wajibi ne a san ƙasar da za a adana su.

Na huɗu shi ne mafita. Matuƙar kamfani ba zai iya kwashe bayanansa cikin sauƙi ba, to ya zama ɗaurarre ko da an tsawwala masa farashi.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, suna ba shi ne ma'auni ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara gwaji da sashe ɗaya, domin manhajar da ma'aikata suka ƙaurace wa, kome tsadarta, ta zama asara.