TSOFAFFIN LEBURORIN AFIRKA A FARANSA: GA IYALI A GIDA, BABU HALIN KOMAWA

A unguwannin da ke kewaye da birnin Faris da sauran manyan garuruwan Faransa akwai waɗansu benaye masu ƙananan ɗakuna, inda dubban tsofaffi 'yan Afirka ke ƙarasa kwanakinsu su kaɗai. Ana kiransu "shibani", watau mai furfura da Larabcin Afirka ta Arewa. Galibinsu mutanen Aljeriya ne da Maroko da Tunisiya, akwai kuma na Mali da Senigal.

Mutanen nan sun shiga Faransa ne suna samari, tun daga wajen 1950 har zuwa 1974, sa'ad da gwamnati ta tsai da ɗaukar leburori daga waje. Su suka yi aikin gine-gine da hanyoyi da haƙar kwal, su ne kuma suka cika ma'aikatun ƙera motoci irin na Renault. A 1956 gwamnati ta kafa wani kamfani don gina musu masauki, wanda aka fi sani da Sonacotra, aka sake masa suna Adoma a 2007. Masaukin na gwauraye ne, ba a zama da mata ko 'ya'ya, ɗaki kuwa sau da yawa bai wuce murabba'in mita 7 ko 8 ba, ɗakin girki da makewayi na tarayya. Kowa ya ɗauka shekaru kaɗan za a yi, a tara abin da ya samu a koma gida.

To, ga shi shekara 50 ta wuce, mutum na nan cikin ɗakin da aka gina wa saurayi mai jini a jika, alhali gwiwa ta ƙi hawa bene, ga ciwon suga ga hawan jini.

Mai karatu zai tambaya, me ya hana su komawa? Babban dalili shi ne kuɗi. Yawancinsu ƙaramin albashi suka ci, waɗansu ma an yi shekaru ba a rubuta aikinsu ba, saboda haka fanshonsu bai taka kara ya karya ba. Gwamnati tana cika wa irin waɗannan tsofaffi da kuɗin tallafi, amma da sharaɗin mutum yana zaune a Faransa. Wanda ya daɗe wurin iyalinsa fiye da ƙa'ida sai a yanke masa, wani lokaci har a ce ya mayar da abin da ya karɓa. Da wannan kuɗin ne kuwa ake ciyar da iyali a can gida. Sai tsoho ya zama kullum yana kan hanya, yana ƙidayar kwanaki a fasfo.

In jiki ya gaza ƙwarai, saura gidan kula da gajiyayyu, wanda kaɗan ne daga cikinsu ke yarda su shiga. Akwai tsada, akwai shakkar abinci ko na halal ne, sa'an nan dattijo Musulmi ba ya son mace baƙuwa ta yi masa wanka. Abin da ya fi ban tausayi shi ne wanda gigin tsufa ya kama: Faransancin da ya koya a wurin aiki yakan gushe, ya koma harshen da ya tashi da shi, ma'aikatan gidan kuwa ba su ji. Shi ya sa da yawa suka gwammace su zauna a tsohon masauki, inda maƙwabci zai kawo abinci, kuma ana karo-karo don a kai gawar wanda ya rasu garinsu.

A watan Janairu na 1923 babu wanda zai yi zaton haka, amma shekara 100 daidai bayan nan, a Janairun 2023, gwamnatin Faransa ta ɗage sharaɗin zama ga tsofaffin sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi, har guda 9 daga cikinsu suka bar ɗakunansu na Bondy suka sauka Dakar a watan Afrilu. Leburori kuwa, daga Satumba na shekarar 2023 aka ƙara musu wa'adin zama a Faransa daga wata 6 zuwa wata 9 a kowace shekara.