Rediyon Mota Ya Kulle Bayan Canjin Batir: Ina Za a Samo Lambar Sirrinsa?

Yawanci abin yakan faru ne ranar da aka canza batir. Yaron shago ya ɗaure kan batir, an murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Mai mota ya miƙa hannu ya kunna rediyo don ya ji labaran rana, sai ya ga haruffa huɗu a fuskar rediyon: CODE. In Golf ce ko Passat, SAFE zai gani. A danna nan a danna can, shiru kake ji. Daga nan mutane da yawa ke yanke hukunci cewa sabon batir ya ƙone rediyon, su nufi kasuwa su sayo wani, a yanka wayoyin mota a jona. Alhali lafiyar rediyon ƙalau. Wata lamba yake jira, mai alƙaluma huɗu ko biyar, kuma sau tari ana iya gano ta ko da takardar da aka rubuta ta ta ɓace shekaru goma da suka wuce.

Don ɓarayi aka ƙirƙiro wannan kulle. A shekarun 1980 satar rediyon mota ta addabi biranen Turai da Amurka, har masu motoci a New York suka riƙa manna takarda a gilashi suna sanar da cewa babu rediyo a ciki, don kada a fasa musu. Kamfanoni suka nemi mafita. Wasu suka yi rediyon da ake cire fuskarsa a sa a aljihu, kamfanin Blaupunkt na Jamus ya fito da mai kati, amma dabarar da ta fi yaɗuwa ita ce lambar sirri. Rediyon yana samun 'yar wuta daga batir dare da rana, ko mota na kashe. Da zarar wutar ta yanke, sai ya ɗauka an sace shi, ya kulle kansa. Ba ya iya bambanta ɓarawo da bakanike.

A can Turai da Amurka, mai mota yakan karɓi lambar a kan ɗan kati tun ranar da ya sayi motarsa sabuwa. A nan kuwa yawancin motocinmu sai sun ratsa hannu uku ko huɗu: daga mai ita na farko zuwa wurin gwanjo, zuwa jirgin ruwa, zuwa Kwatano ko Legas, sannan dila. Da wuya katin ya iso. Ga shi kuma mu mutane ne masu yawan taɓa batir. Mai walda ba zai fara aiki ba sai ya cire kan batir. Maƙwabci zai ari batir ya tayar da tasa motar. Wani yakan cire nasa da daddare ya shigar ɗaki saboda ɓarayi, wani kuma bakanike ne ke cire masa don fitilar gargaɗin inji ta mutu. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya kulle rediyo, haka ma fiyus ɗin da ya ƙone ko batirin da ya yi sanyi ƙwarai.

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne canki-canka. A gwada 1234, a gwada 0000, a gwada shekarar motar. Rediyon yana ƙirga kowane kuskure. Na Volkswagen da yawa sau biyu kacal suke yarda a yi kuskure, daga nan sai an bar su a kunne tsawon awa guda kafin su sake saurarar mutum. Lamba mai alƙaluma huɗu tana da fuska 10,000. Wanda zai bi su duka, biyu-biyu kowace awa, zai kwashe awa 5,000, wato kusan wata bakwai ba dare ba rana. Na Honda sukan ba da dama goma. Wasu na Ford in an kai kuskure goma sai su rubuta LOCK 10, akwai hanyar samun ƙarin dama uku, in su ma suka ƙare sai LOCK 13, wanda maɓallai ba sa buɗe shi, sai an kai wa masu na'ura. Matsalar da za a warware cikin minti biyar ta koma ta kashe kuɗi.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne bincike a cikin motar kanta. A duba littafin mota da jakarsa, musamman bangon ciki da shafukan ƙarshe, inda masu mota kan rubuta lambar da biro. A buɗe aljihun gaban fasinja a leƙa gefensa da ƙasansa. Honda ta saba manna 'yar farar takarda a wurin. Wasu sukan same ta a cikin but kusa da safaya. Akwai kuma bakaniken da ya taɓa buɗe rediyon ya rubuta lambar da maka a jikin ƙarfensa, sai an zaro shi za a gani.

In ba a dace ba, lambobi biyu ake bukata. Ta farko lambar jikin mota, wadda ake kira VIN, mai haruffa da alƙaluma 17, tsarin da aka daidaita tun 1981. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, saboda haka duk abin da ya yi kama da O sifiri ne. Ta biyu ita ce lambar rediyon kansa, kuma ita ce mafi muhimmanci, domin da ita aka ɗaure lambar sirrin a rumbun bayanan kamfani. Wannan yana da amfani a sani: idan wani mai motar a baya ya sauya rediyon da na wata mota, lambar jikin mota za ta kawo lambar sirrin tsohon rediyon ne, wadda ba za ta buɗe wanda ke ciki ba. Mutane kan zargi wanda ya ba su lamba da yaudara, alhali rediyon ne baƙo a motar.

Wajen gano lambar rediyon, masu Honda sun fi kowa sauƙi, kuma su ne suka fi yawan faɗawa wannan hali, ganin yadda Accord ta cika titunanmu, musamman samfurin 2003 zuwa 2007 da ake wa laƙabi da EOD da DC. A yawancin waɗanda aka ƙera daga farkon shekarun 2000, ana murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a kashe rediyon, a danne maɓalli na 1 da na 6 tare, sannan a kunna shi. Zai nuna lambarsa kashi biyu, wani kashi da U a gaba, wani da L, kowanne da alƙaluma huɗu. A haɗa su a rubuta. Waɗanda suka girmi haka sai an zaro rediyon an karanta takardar da ke jikinsa. Wani abin lura: irin wannan rediyon da maɓallan tasha guda shida ake shigar masa da lamba, don haka lambar sirrinsa mai alƙaluma biyar ba ta wuce 1 zuwa 6. Duk wanda aka ba shi lamba mai 8 ko 0 a ciki, ya san ba tasa ba ce tun kafin ya ɓata dama guda. A wannan samfurin na Accord rediyo da maɓallan na'urar sanyi a jiki ɗaya suke, shi ya sa sauya shi ya fi tsada da wahala fiye da yadda ake zato.

Na Volkswagen sai an zaro su da wasu siraran ƙarafa da aka yi don haka; lambar rediyon tana farawa da VWZ, ta Audi da AUZ. Ta Ford takan fara da M ko V, alƙaluma shida na biye. A waɗannan motocin shigar da lambar sirrin ma daban ne: maɓalli na 1 ake ta dannawa har alƙalami na farko ya fito, na 2 don na biyu, haka har huɗu, sannan a tabbatar.

Da lambobin a hannu, hanya mafi tsabta ita ce wakilin kamfanin motar, tare da takardun mallaka, domin za a nemi shaidar cewa motar ta mutum ce. Honda ta Amurka tana da shafin intanet da ke bayar da lambar kyauta, sai dai an tsara shi ne don mazauna can, yana tambayar lambar yanki da ta tarho irin tasu, abin da kan ba mai mota a Kano ko Maraɗi wahala. Akwai kuma masu sayar da lamba ta intanet. Na ƙwarai a cikinsu lambar rediyon suke fara tambaya. Wanda ya ce a turo kuɗi zai ba da lamba guda da ke buɗe kowane rediyo, ƙarya yake yi, domin babu irin wannan lamba.

In duk an bi waɗannan ba a samu ba, saura masu gyaran lantarkin mota, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja. Lambar tana ajiye a wani ɗan ƙwayar ƙwaƙwalwa mai ƙafa takwas a cikin rediyon, ƙwararre yana iya karanto ta da na'ura. Aiki ne na hannu mai natsuwa, wanda bai iya ba zai iya kashe rediyon gaba ɗaya. Kuma a roƙe shi ya faɗi lambar a rubuta, kada ya buɗe kawai a tafi, in ba haka ba a sake dawowa wurinsa a canjin batir na gaba.

Sababbin motoci sun rage wannan wahala, domin rediyon yana gane motarsa ta hanyar kwamfutar cikinta. A Honda na baya-bayan nan danne maɓallin kunnawa na sama da daƙiƙa biyu yakan wadatar. Peugeot irin su 307 da 407 ba sa tambayar lamba, amma in aka sa musu rediyon wata mota sai ya riƙa ƙara lokaci-lokaci har sai an shigar masa da lambar jikin motar da kwamfuta. Yawancin Toyota da ke zuwa daga Amurka kuwa ba su da wannan kulle.

Mai shirin sayen mota ya tambayi dila lambar rediyo kafin ya biya, lokacin da maganarsa ke da nauyi. Wanda rediyonsa ke aiki yanzu ya nemo lambar tun bai kulle ba, ya ajiye ta a waya da kuma cikin takardun gida, kada a bar ta a motar kaɗai. Wajen canjin batir kuma akwai 'yar na'urar da ake soka wa a ramin da ake jona kwamfutar gwaji, ƙarƙashin sitiyari, tana riƙe wa mota wuta har a ɗaure sabon batir. Shagon da ba shi da ita yana iya jona wani batir da waya kafin a kwance tsohon, in dai an kula kan batir mai ja bai taɓa jikin mota ba.